Alawus Na Mutum Ɗaya, Bakuna Huɗu: Zaman Iyali Da Karatun Yara A Guangzhou



Shugaban taro, shugabannin ƙungiya na da da na yanzu, iyayenmu 'yan kasuwa da suka bar harkokinsu suka zo, 'yan uwana ɗalibai maza da mata, da masu biye da mu ta waya daga wasu garuruwa, barkanmu da wannan rana.

Da aka ce in yi magana a taron tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, na ɗauka a kan bincikena za a ce in yi. Sai sakatare ya ce a'a, bincike kowa yana da nasa, kuma ba mai son jin na wani. Ya ce tambayar da ta fi zuwa masa daga sababbin ɗalibai ita ce: in kawo iyalina ne, ko in bar su a gida? Tunda ni na kawo nawa, yau shekara biyu ke nan, kuma ga mu da ranmu, wai in zo in faɗi yadda ake yi. To, ban zo da wata dabara ba. Littafin cefanenmu na ɗauko, da izinin mai riƙe da shi, zan buɗe muku shi.

Bari mu fara da kuɗi, tunda shi ake jin nauyin faɗa. Mai tallafin gwamnatin Sin, wanda muke kira CSC, idan digirin farko yake yi yana karɓar yuan 2,500 a wata. Mai digiri na biyu 3,000, mai na uku 3,500. Idan jami'a ta amince ka bar ɗakin kwanan ɗalibai ka kama haya a waje, ma'aunin kuɗin masauki 700 ne ga na farko da na biyu, 1,000 ga na uku, kuma ba kowace jami'a ce take miƙa maka shi a hannu ba. Tun wajen 2015 aka yanka waɗannan alƙaluma. Wanda ya yanka su kuwa, mutum ɗaya ya ƙiyasta: yana kwana a ɗakin makaranta, yana ci a ɗakin cin abincin makaranta, yana zuwa aji da ƙafa. Ba mace a lissafin, ba goyo. Inshorar lafiyar nan ta yuan 800 a shekara ma kai kaɗai ta rufe. Ranar da matarka ko ɗanka suka shiga asibiti, daga aljihunka ne, tun daga kuɗin kati.

Yanzu ku juya wannan kuɗi zuwa naira, ku ga inda matsala ta biyu take. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, yuan ɗaya a farashin gwamnati bai kai naira 70 ba. A 2024 ya haura 200. Wato 3,500 ɗin nan ya wuce naira dubu 700, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya dubu 70 ne tun Yulin 2024. Duk wanda ya ji wannan a gida zai ce kana karɓar albashin mutum goma kana zaune kana karatu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai sani ba shi ne kuɗin hayarka kaɗai ya cinye albashin mutum biyar. 'Yan uwanmu na Nijar, da yake sefarsu a ɗaure take da yuro, ba su ga irin wannan faɗuwar ba, amma su ma na san wayarsu ba ta hutawa idan azumi ya gabato.

Ga namu lissafin na wata, kamar yadda uwargida ta rubuta. Abin da ke shigowa 4,500. Haya 1,800, ɗaki ɗaya da falo, a irin unguwannin nan na ƙauyen cikin birni a Panyu, inda benaye suka matse har kana iya gaisawa da maƙwabcinka ta taga. Ruwa da wuta wajen 300 idan an raba a shekara, domin daga Mayu zuwa Oktoba ba mai iya kwana da jariri a garin nan ba tare da iyakwandishan ba. Abinci 1,400. Mota da waya da intanet 250. Madara da famfas 350. Kun ga an kai 4,100. Sai takardar izinin zama, wadda ta ƙasa da shekara ɗaya yuan 400 ce kowane mutum, mu huɗu 1,600, idan aka raba a wata ya haura 130. Abin da ya rage bai cika 300 ba. A cikinsa ne za a yi rashin lafiya, a yi ɗinkin sallah, a tura wa Hajiya, a yi gudummawar biki da suna.

Mu masu karatun injiniya an koya mana cewa idan gada za ta ɗauki tan goma, ba a gina ta da ƙarfin tan goma cif. Ana ba ta rara, saboda ranar da babbar mota za ta bi da lodin da ya wuce ƙa'ida, ko ƙarfe ya fara tsatsa. Ni da na san wannan a takarda, sai na gina gidana ba rara. Ranar lodin ta zo ne da haihuwar ƙaramin yaronmu. An shiga da niyyar haihuwa lafiya, aka ƙare da tiyata, abin da muka biya ya haura alawus ɗina na wata uku. Wani Alhaji daga cikin iyayenmu na Xiaobei ne ya rufa mana asiri, ba tare da ya nemi ko takarda ba. Na san ba zai so in nuna shi ba, Allah ya saka masa da alheri. Sai da na yi wata takwas ina biya. Da na bi shawarar da aka ba ni tun farko, cewa kada in sayi tikitin iyali sai ina da ajiyar wata shida a gefe, da ban kwana ina juyi a kan bencin asibiti ba.

Waɗanda suke garin nan a watan Afrilun 2020 sun fi ni sanin amfanin ajiya. Lokacin annobar korona an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na wancan lokaci, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Sin a Abuja a kan maganar. Gwauro zai iya kwana biyu a ɗakin aboki. Mai mace da yara fa? Haka kuma masu dogaro da kuɗin gida su tuna abin da ya sami ɗaliban tallafin BEA na gwamnatin tarayya: an yi watanni ba a biya su ba, a 2024 aka rage alawus ɗin daga dala 500 zuwa 220 a wata, a Afrilun 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da rufe shirin. Ko na Sin ɗin ma yana da ranar ƙarewa. Idan shekarunka suka cika ba ka fitar da maƙalun da ake buƙata ba, ƙarin lokaci ba dole ba ne ya zo da kuɗi.

Maganar takardu zan bi ta da sauri, amma ku rubuta. Iyalin ɗalibi da za su zauna fiye da kwana 180 bizar S1 suke nema, masu gajeriyar ziyara S2. Za a nemi takardar shaidar aure da ta haihuwar yara. Yawancinmu a ƙofar gida ko a masallaci aka ɗaura mana aure, aka raba goro aka watse, ba wanda ya ba mu takarda. To sai ka nemo ta, a tantance ta a ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Sin ya buga nasa hatimin. Wannan kaɗai yana cin makonni. Idan sun sauka, a yi rajistar masauki wurin 'yan sanda cikin awa 24, a nemi izinin zama cikin kwana 30. Jaririn da aka haifa a nan kuma doka ta ba da kwana 60 a kai takardar haihuwarsa ofishin shige da fice a yi masa rajista, don haka tun kafin a yanka ragon suna ka fara zirga-zirgar fasfo a ƙaramin ofishin jakadancinmu. Wanda takardarsa ta ƙare bai sabunta ba, tarar yuan 500 ce kowace rana, har zuwa 10,000. Gidan haya kuwa, al'adar garin nan ita ce ajiyar wata biyu da kuɗin wata ɗaya a rana guda, ga ladan dillali a kai.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: ai a Guangzhou muke, wa yake zama da alawus kaɗai? Gaskiya ne. Garin da ake baje kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957, garin da 'yan Kantin Kwari da Sabon Gari da Farm Centre suke sauka kullum, ɗalibin da ya iya Sinanci ba ya rasa mai cewa raka ni kasuwa, ko duba min kaya kafin a loda. Ba zan tsaya a gaban iyayenmu in yi kamar ban san ana yi ba. Amma ku san matsayin abin. Aiki ba da izini ba tararsa daga yuan 5,000 ce zuwa 20,000, kuma ana iya haɗawa da tsarewa da kora. Hanyar da doka ta buɗe wa ɗalibi ƙarama ce: sai jami'a ta amince, an rubuta a takardar zamanka, kuma awa 8 ne a mako lokacin karatu, 16 lokacin hutu. Mai S1 kuwa ba ta da izinin aiki sam.

Abin da ya fi wannan kama mutane shi ne canji. Wani ya ce zai tura maka yuan ta WeChat ko ta banki, kai kuma ka sa a ba ɗan uwansa naira a Kano. Ba ka san daga ina yuan ɗin ya fito ba. Tun Oktoban 2020 hukumomin ƙasar nan suke farautar asusun da kuɗin damfara ya ratsa ta ciki, kuma idan ya ratsa ta naka, ko da hannu na biyar ne, sai a daskarar da shi. A ƙasar da ko ruwan sha da waya ake saye, ka yi tunanin magidancin da aka rufe wa asusu ranar da madara ta ƙare. Ƙa'idar gidanmu ita ce asusun da alawus ke shiga ba ya karɓar kuɗin kowa, ko na wa ne. Na ɓata da mutum biyu a kan haka.

Inda muka sami sauƙi shi ne kicin. Cin abinci a waje, ko da taliyar Lanzhou ce ta shagunan Musulmi, ba na mai iyali ba ne. Nama mukan saya sau biyu a wata a Xiaobei, a raba a ƙulla a sa a firji. Kayan miya a kasuwar unguwa da yamma, lokacin da masu sayarwa suke son tashi. Garin masara na tuwo yana nan a Taobao da Pinduoduo, kuɓewa tana nan, gero ma yana nan, irin nasu ƙanana da ake kunu da shi. Sunansa da Sinanci xiaomi, wato wayar da ke hannun rabinku sunanta gero. Kuka da daddawa da yaji su ake roƙon masu zuwa daga gida. Kilishi kam kada a ɗora wa kowa, kwastan ba sa barin nama ya shigo. Gadon yara, keke, injin wanki, duk na hannu muka saya a Xianyu. Da na'urar tsotse danshi, wadda na ɗauka almubazzaranci ce sai da watan Maris ya zo, bango ya fara zufa, kayan sallar yara suka yi funfuna a cikin akwati.

Sai dai gyara mafi girma da muka yi ba a kasuwa yake ba. Watannin farko ban taɓa gaya wa uwargida nawa nake karɓa ba. Haka muka taso muka gani, maigida ya ba da na cefane, sauran ba a tambaya. Amma a gida mace tana da 'yar sana'arta, tana da adashinta, tana da gidan iyayenta. A nan ba ta da ko ɗaya. Duk abin da za ta saya sai ta ce a tura mata. Ranar da na ajiye mata wayar na ce ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita, ta yi shiru, sannan ta ce, "Injiniya, ashe da wannan kake ta tura wa mutane kuɗin anko?" Idan ta kira ni Injiniya na san akwai magana. Daga ranar littafin ya koma hannunta. Muka yanka abin da za a riƙa tura wa iyaye, nawa da nata, kowane wata, ƙayyadadde. Wanda ya biyo baya sai a ba shi haƙuri. Wata na uku da fara haka ne muka fara ganin saura.

To, mu zo kan karatun yara, wanda shi ne ainihin abin da aka fi tambaya.

Babbar 'yarmu, ba zan faɗi sunanta ba tunda 'yar fari ce, shekararta huɗu muka zo, yanzu shida. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Makarantun baƙi, irin su ta Amurkawa da aka kafa tun 1981 da ta Ingilawa, kuɗinsu na shekara ya haura yuan dubu 100 nesa ba kusa ba, wasu azuzuwan sun wuce dubu 200. Alawus ɗina na shekara gaba ɗaya 42,000 ne, don haka wannan ƙofa ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Ta biyu makarantun 'yan ƙasa. Na renon yara daga shekara uku zuwa shida suna nan a kowace unguwa, wadda muka tambaya kusa da mu kuɗinta na wata ya kusa na hayarmu. Firamaren gwamnati ana iya nema wa ɗan baƙo ta ofishin ilimi na gunduma idan akwai gurbi, kuma karatunsu mai kyau ne, musamman lissafi. Amma komai da Sinanci ne, abincin rana a makaranta ake ci, kuma kun san naman da ya fi yawa a tukunyar garin nan. Ta uku ita ce a koyar a gida.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta. Dokar ilimin dole ta Sin, ta 1986 da aka sabunta a 2006, ta wajabta shekara tara a makaranta, kuma a 2017 ma'aikatar ilimi ta fito ta ce karatun gida ba ya maye gurbin makaranta. Wannan a kan yara 'yan ƙasa ne. Ɗanka mai fasfon Najeriya ko Nijar ba wanda zai zo ya tambaye ka me ya sa ba ya zuwa aji. Amma koyar da ɗanka daban, tara 'ya'yan mutane a falo kana karɓar kuɗi daban. Na biyun makaranta ce ba lasisi kuma aiki ne ba izini, ga shi tun Yulin 2021 gwamnati ta matsa wa masu darasin kuɗi na bayan makaranta, ga kuma tsaurin da ke kan koyar da addini a wajen wuraren da aka amince. Masu shawarar mu buɗe 'yar Islamiyya a ɗakin wani, niyyarku mai kyau ce, amma ku yi tambaya sosai tukuna.

Na ɗauka karatun gida kyauta ne, shi ya sa ban sa shi a lissafi ba. Na sayi farin allo, na zana jadawali a kwamfuta mai launi-launi, darasi takwas, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, na manna a bango, na ɗauki jakata na tafi ɗakin bincike. Ba na dawowa sai goman dare. Mako biyu jadawalin ya yi. Uwargida tana da takardar NCE, koyarwa take yi a Zariya kafin ta ajiye ta biyo ni, don haka ba rashin iyawa ba ne. Ga ciki, ga girki, ga wanki, ga ba maƙwabciyar da za ka miƙa wa yaro, ga ba wanda za ta yi hira da shi da Hausa tun safe har dare. Ta ce da ni, "Kai ka zana, wa ka bar wa ginin?" Kuɗin makarantar da nake murnar na tsira da su, ashe ita take biya, da lokacinta da aikin da ta bari da lafiyarta.

Abin da muka koma yi ƙarami ne, shi ya sa ya ɗore. Bayan sallar asuba ni ne malami, minti ashirin na Alƙur'ani da haruffan Larabci kafin in fita. Ko farfesana zai kira taro da sassafe, wannan ba ya tashi. Da hantsi ita take ɗaukar awa ɗaya da rabi, abu uku kawai: karatun Hausa, Turanci, lissafi. Ranar Asabar daga azahar yaran nawa ne, ita ta fita ta ga 'yan uwanta mata ko ta yi barci. Kuma a littafin cefane akwai layi mai suna kuɗin malama, yuan 200, nata ne, ba na tambayar inda suka shiga. Kaɗan ne, na sani. Na sa shi ne don kada in sake mantawa cewa aiki ake yi.

An yi min musu a kan fara karatu da Hausa. Wani aboki ya ce ɓata lokaci ne, tunda da Turanci za a yi mata jarrabawar shiga makaranta idan mun koma. Ni dai ina tare da abin da Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana kama haɗa baƙi da wasali cikin 'yan watanni, daga nan ya tsallaka Turanci da ƙafarsa. Da Ka Koyi Karatu muka fara, yanzu uwar tana karanta mata Magana Jari Ce da dare. Kuma akwai dalilin da ya fi wannan. Yaron da ke ƙasar waje, Hausarsa a bakin mutum biyu kawai take. Idan su ma suka juya ta Turanci, ranar da aka koma ba zai iya gaida kakarsa ba.

Kakar ma mun sa ta a jadawali. Da yake WhatsApp ba ya aiki a nan, sai da na sa ƙanena ya saka wa Hajiya WeChat. Muna gaban gida da awa bakwai, ƙarfe taran dare a nan biyun rana ne a can, ta idar da azahar ta zauna. Sau uku a mako take yi wa jikarta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tana gyara mata kalmomi, tana yi mata faɗa idan ta amsa kira da "eh" a maimakon "na'am". Wanda zai taho, ya sauke duk littattafai da bidiyon da yake buƙata tun daga gida, domin YouTube da Google ma haka suke.

Sinanci kuwa ba mu koya mata ba, a filin wasa ta tsinto. Kullum da la'asar sai an sauka ƙasa, ko ana jin ƙyuya, don yaron da ke karatu a gida babban abin da yake rasawa shi ne yara. Watannin farko an sha kallo, an sha taɓa gashi, wata rana ta dawo tana kuka wani yaro ya ce ba ta wanka. Uwar ta so a daina zuwa. Muka daure. Yanzu tsofaffin unguwa masu renon jikoki sun san ta da suna. Wata rana na ji tana ƙirga matakalar bene da wani yare, ni da takardar HSK ɗina ban gane ko ɗaya ba. Ashe Kantonanci ne, na kakannin filin wasa. Ina ganin kunnen Bahaushe, da ya saba da karin sauti tun yana goye, yana taimakawa.

Garin kansa makaranta ne mai arha, ga wanda zai fita. Jirgin ƙarƙashin ƙasa daga yuan 2 yake farawa, ƙaramin yaro kuma ba ya biya. Babban ɗakin karatu na Guangzhou da ke Zhujiang kyauta ne, yana da sashen yara, gidan tarihi na Guangdong yana kusa da shi. Cibiyar kimiyya ta Guangdong tana nan a unguwar jami'o'i. Ranar Juma'a nakan tafi da ita masallacin Xianxian, inda mutanen nan suke cewa kabarin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake malaman tarihinmu sun ce a Madina aka binne shi. A can ne take ganin cewa ba mu kaɗai ne masu sallah a duniyar nan ba, ga Sinawa, ga Larabawa, ga 'yan Mali da Gini. Littattafan lissafin firamaren Sin ma muna amfani da su, arha ne, hotuna da lambobi sun fi rubutu yawa. A aji biyu yaransu suke haddace jadawalin sau har tara sau tara.

Amma duk wannan, tambaya ɗaya ce ke riƙe da shi: wane aji yaron zai shiga ranar da aka koma? Mu ba mazauna ba ne, shekara uku ne ko huɗu. Don haka tun yanzu ka zaɓi makarantar da kake nufi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, ka sa a karɓo maka jerin littattafan ajinsa da manhajar karatun da suke bi, ta NERDC ce ko ta Faransanci ga 'yan Nijar, ka riƙa auna shi da ita kowane zango. Ka ajiye duk abin da ya rubuta a fayil da kwanan wata, domin ba ka da sakamakon jarrabawa da za ka nuna wa hedimasta, wannan fayil ɗin shi ne shaidarka.

Ra'ayina, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni daɗewa da ba za su yarda ba, karatun gida a irin halinmu yana da kyau har zuwa shekara bakwai. Daga nan nauyin ya fi ƙarfin uwa ɗaya mai goyo da uban da ke kwana a kan maƙala. Ko dai a nemi gurbi a makarantar 'yan ƙasa a san yadda za a yi da abincin rana, ko iyali su riga ka komawa. Mu mun yanke cewa idan ban kare kundina a shekara mai zuwa ba, za su tafi a watan Agusta don ta shiga aji a Satumba. Ba na son ranar ta zo, amma mun riga mun fara tara kuɗin tikiti.

Ƙannena masu digiri na biyu da 3,000, musamman sababbin angwaye, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa: kada ku kawo iyali zama. Shekara biyu ko uku ce. Ku tara, ku je gida hutun bazara, jirgin Habasha yana tashi daga nan ya sada ku da Kano ta Addis Ababa. Ko ta zo muku ziyara da S2 ta koma. Masu digiri na uku kuma, idan akwai ajiyar wata shida, da kuɗin tikitin komawar kowa a gefe wanda ba a taɓawa, kuma an zauna da ita an nuna mata lissafin nan baƙi da fari ta ce ta yarda, to bismillah. Ranar da gwaji ya ƙi yi, ka dawo goman dare ka tarar an bar maka tuwo a kula da wata takarda mai karkatattun haruffa an rubuta Abba sannu da zuwa, ba na jin akwai alawus ɗin da ya kai wannan. 'Yan uwa mata ɗalibai da suka zo da yara, ko suka baro su wurin kakanni, nasu lissafin ya fi nawa wuya, kuma ina roƙon shugabanni a taro na gaba a ba ɗaya daga cikinsu wannan kujera.

Roƙona na ƙarshe ga ƙungiya guda biyu ne. Iyalai nawa ne suka gama suka tafi suka zubar da littattafan yara, ko suka sayar da gadon jariri a banza, alhali wani yana sauka a watan? A samu akwati ɗaya a hannun ma'aji, duk mai tafiya ya zuba, duk mai zuwa ya ɗauka. Mu za mu fara da namu littattafan na shekara huɗu zuwa biyar, suna nan a jaka a bakin ƙofa. Na biyu, duk wanda zai je gida hutun nan, ya ba mu aron kilo biyu a kayansa. Littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku muke nema, da na Turanci da lissafi na firamare, sai kuka idan wuri ya ragu. Uwargida ta rubuta jerin, yana wurin sakatare.